Ficewar Nijar Daga ECOWAS: Tarihin Wata Muhawara

Gabatarwa

Ranar Lahadi, 28 ga watan Janairu na shekarar 2024, aka karanta wata sanarwa a gidajen talabijin na Yamai da Bamako da Wagadugu. Sanarwar ta ce ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan ƙungiya ita ce ake kira ECOWAS a Nijeriya da Gana, a ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma CEDEAO. Ƙasashen nan uku suna cikin waɗanda suka kafa ta tun 1975. Jama'arsu sun kai wajen miliyan 70, kuma faɗinsu ya fi rabin faɗin ƙasashen ƙungiyar baki ɗaya.

Wannan takarda za ta duba muhawarar da aka yi a kan wannan ficewa, musamman ta ɓangaren Nijar, wadda ita ce maƙwabciyar Nijeriya ta arewa. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ECOWAS tana sanye da riguna biyu. Ta farko rigar kasuwa ce, wato shige da ficen mutane da kaya. Ta biyu rigar alƙali ce, wato ikon tuhumar shugaban da ya hau mulki ko ya zauna a kansa ba bisa ƙa'ida ba. Kusan duk gardamar da aka yi a kan riga ta biyu take, amma wahalar da talakawa suka sha ta fito ne daga ta farko.

Iyaka da zumunci

Iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500. Jihohi bakwai na Nijeriya ne suke kanta: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, ta hanyar yarjejeniyoyi da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906. Layin farko da suka ja a takarda ya tashi daga garin Say a bakin kogin Kwara har zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, daga baya suka yi ta gyara shi.

Wannan layi ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Hausa. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Katsina na da suka koma arewa suka zauna a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su. Shi ya sa sarkin Maraɗi yake ɗauke da sarautar Sarkin Katsina. Haka nan Damagaram ta daɗe tana hulɗa da Kano da Daura da Borno, wani lokaci ta ciniki, wani lokaci ta yaƙi. Kasuwannin kan iyaka kamar Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ko Maigatari, ko Kamba da Gaya, suna ci ne da mutanen ɓangarorin biyu. Daga Nijar ana kawo shanu da tumaki da raƙuma da wake da albasa da aya. Daga Nijeriya kuma ana kai gero da masara da taki da kayan masarufi. Auratayya ta haɗa gidaje da yawa, har mutane sukan ce Nijeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Duk wannan ya girmi ECOWAS nesa ba kusa ba, kuma ba za a fahimci abin da ya faru a 2023 ba sai an riƙe shi a zuciya.

Muhawarar farko: 1958

Ba a 2024 ne mutanen Nijar suka fara gardama a kan zama cikin wata tarayya ko fita daga cikinta ba. A watan Satumba na 1958 Janar de Gaulle ya gabatar wa ƙasashen da Faransa take mulka da zaɓi biyu: su ce "I" su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su ce "A'a" su karɓi 'yancin kai nan take, amma ba tare da taimakon Faransa ba. Shugaban gwamnatin Nijar na lokacin, Jibo Bakari, da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi jama'a su ce "A'a". Hujjarsu ita ce mutunci da cikakken 'yanci. Jori Hamani da yawancin sarakuna suka goyi bayan "I". Hujjarsu ita ce Nijar ba ta da teku, ba ta da ma'aikata masu ilmin zamani da yawa, ba za ta iya tsayawa ita kaɗai ba. Gwamnan Faransa ya sa hannu sosai a yaƙin neman ƙuri'a, kuma "I" ta yi nasara da wajen kashi 78 cikin 100. Gini ce kaɗai ta ce "A'a". A 1959 aka haramta Sawaba, sannan Nijar ta sami 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960 ƙarƙashin Jori Hamani.

Hujjojin nan biyu, ta mutunci da ta neman abinci, su ne suka sake dawowa bayan shekara 65, sai dai masu faɗarsu sun canja.

Kafuwar ECOWAS

An sa hannu a yarjejeniyar kafa ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975. Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Janar Eyadema na Togo su ne suka zagaya ƙasashe suna neman goyon baya. Nijeriya ta fito daga yaƙin basasa a 1970, ta kuma ga yadda Faransa da Kodebuwa suka karkata ga Biyafara, saboda haka tana son ta jawo maƙwabta kusa da ita. Ƙasashe 15 ne suka shiga da farko, daga baya tsibirin Cape Verde ya zama na 16. Nijar a lokacin tana hannun Saini Kunce, wanda ya hamɓarar da Jori Hamani a 1974.

Akwai abin lura a nan. Bakwai daga cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar sojoji ne suke mulkinsu, wato Nijeriya da Togo da Nijar da Gana da Mali da Dahomey da Upper Volta. Yawancin sauran kuma jam'iyya ɗaya ce take mulki. Shi kansa Gowon wata biyu kawai ya yi bayan taron Legas aka yi masa juyin mulki. Don haka ƙungiyar ba ta fara da tambayar yadda shugaba ya hau kujera ba. Abin da ke gabanta shi ne ciniki. A 1979 aka amince a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan ita ce ribar da talaka ya fi sani, daga ɗan ci-rani har direban babbar mota.

Amma alkawarin bai hana manyan ƙasashe yin abin da suka ga dama ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu masu ɗimbin yawa, cikinsu har da 'yan Nijar. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe su ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta sake rufe iyaka da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, sai a Disamba 2020 ta buɗe. Duk waɗannan sun faru ƙungiyar tana nan, kuma ba ta hukunta kowa ba. Mutanen Maraɗi da Ƙonni ba su manta ba.

Yadda kasuwa ta zama alƙali

Sauyin ya fara ne a 1990, lokacin da aka tura rundunar ECOMOG zuwa Laberiya, daga baya kuma Saliyo. A 1993 aka sabunta yarjejeniyar ƙungiyar a Kwatano, aka tanadi majalisar dokoki da kotu. A watan Disamba na 2001 shugabanni suka sa hannu a wata yarjejeniya a Dakar a kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki. Ita ce ta ce ba za a amince da duk wanda ya karɓi mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki ba, kuma ana iya dakatar da ƙasarsa.

Kafin wannan, ƙasa ɗaya ta riga ta fita. Murtaniya ta ba da sanarwa a Disamba 1999, ta fice a Disamba 2000, ta mai da hankalinta ga ƙasashen Larabawa na arewacin Afirka. An rabu ba tare da rigima ba, kuma a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar saboda ciniki.

Nijar ta ɗanɗani hukuncin sabon alƙalin nan fiye da sau ɗaya. A watan Oktoba na 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata da aka sayar tana yarinya. Kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2009 kuma Shugaba Tanja Mamadu ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama don ya ƙara shekara uku. Magoya bayansa suka kira wannan yunƙuri tazarce, kalmar da ta yi tashe a Nijeriya a zamanin Janar Abacha. ECOWAS ta dakatar da Nijar a watan Oktoba na wannan shekara. A Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da Tanja, bayan shekara ɗaya suka miƙa mulki ga Mahamadou Issoufou da ya ci zaɓe. A wancan lokaci 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula na Nijar sun yaba wa ƙungiyar.

Sai dai alƙalin bai riƙe ma'auni ɗaya ba. A 2015 an kawo shawarar a taƙaita mulkin kowane shugaba ga wa'adi biyu, Togo da Gambiya suka ƙi, aka bar maganar. A 2017 ƙungiyar ta tura sojoji Gambiya suka tilasta wa Yahya Jammeh sauka bayan ya faɗi zaɓe. Amma a 2020 Alpha Conde na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka tsaya takara karo na uku, ƙungiyar ba ta ɗauki wani mataki ba. Daga nan mutane da yawa suka soma cewa ECOWAS ƙungiyar shugabanni ce, ba ta ganin laifi sai an taɓa ɗaya daga cikinsu.

Juyin mulkin 2023 da takunkumi

Tsakanin 2020 da 2022 an yi juyin mulki sau biyu a Mali, sau ɗaya a Gini, sau biyu a Burkina Faso. Ran 26 ga Yuli 2023 dakarun da ke tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, wanda ya hau mulki a Afrilu 2021. Shi ne karo na farko a tarihin ƙasar da zaɓaɓɓen shugaba ya gaji zaɓaɓɓen shugaba. Kwamandan dakarun, Janar Abdourahamane Tiani, ya zama shugaban ƙasa. Wannan ne juyin mulki na biyar a Nijar, bayan na 1974 da 1996 da 1999 da 2010.

Shugaba Bola Tinubu na Nijeriya bai cika wata ɗaya da karɓar jagorancin ECOWAS ba. Ran 30 ga Yuli shugabanni suka taru a Abuja suka ba sojojin Nijar wa'adin mako ɗaya su mai da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba za a iya amfani da ƙarfi. Suka kuma rufe iyakoki, suka hana zirga-zirgar jirage, suka dakatar da ciniki, suka riƙe kuɗin gwamnatin Nijar da ke babban bankin yankin. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar take amfani da ita. Washegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya kai wa Nijar hari tamkar su ya kai wa.

Nijar ba ta da teku, kuma a wancan lokaci yawancin kayanta ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa. Manyan motoci suka yi dogon layi a Malanville, a ɓangaren Benin, mutane suka koma haye kogi da kwale-kwale zuwa Gaya. Farashin shinkafa da man girki ya tashi, magunguna suka yi ƙaranci, birane suka riƙa kwana cikin duhu. Kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari su ma suka yi sanyi, domin rabin masu cin su suna ɗaya gefen iyaka.

An sa takunkumin ne da fatan jama'a za su juya wa sojoji baya, sai abin ya zo akasin haka. Ran 6 ga Agusta, ranar da wa'adin ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Saini Kunce a Yamai suna goyon bayan sojoji. Taken da ya bazu a lokacin shi ne "Zancen ƙasa ne", da Zabarmanci kuma "Labu sanni no". Mutumin da ba ruwansa da Tiani, da ya ga an yanke masa wuta an kuma ce za a kawo yaƙi, sai ya ɗauki abin a matsayin cin mutuncin ƙasarsa.

Muryar arewacin Nijeriya

Adawa mafi ƙarfi ga shirin yaƙin ta fito ne daga cikin Nijeriya. Sanatocin arewa suka ce ba su yarda ba, kuma ran 5 ga Agusta majalisar dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Malamai suka yi ta huɗuba a kai, aka yi zanga-zanga a Kano. Hujjarsu a fili take. Jihohin kan iyaka suna fama da 'yan bindiga da Boko Haram, Nijar ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Borno da Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma harsashin da aka harba a Ƙonni ba zai tambayi takardar ɗan ƙasa ba.

Tawagar farko da ECOWAS ta aika, ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar tare da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta dawo ba ta ga Tiani ba. Amma ran 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi II ya gana da shi tare da Sarkin Damagaram, bayan 'yan kwanaki kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta sami ganinsa. Wato ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga ƙungiya ta buɗu ga sarauta da malanta, waɗanda suka riga iyakar zuwa duniya. Ko da yake shugabanni sun ba da umarnin shirya runduna ran 10 ga Agusta, ba a taɓa tura ta ba.

Hujjojin masu goyon bayan ficewa

Ran 16 ga Satumba 2023 ƙasashen uku suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wanda ake kira AES. Sojojin Faransa suka gama ficewa daga Nijar a Disamba. Bayan wata ɗaya sai ga sanarwar barin ECOWAS, kuma ta kawo dalilai huɗu.

Na farko, ƙungiyar ta kauce wa manufofin waɗanda suka kafa ta da kuma aƙidar haɗin kan Afirka. Na biyu, ta faɗa ƙarƙashin tasirin ƙasashen waje, kuma kowa ya san Faransa ake nufi. Na uku, ba ta taimaka musu a yaƙi da ta'addanci ba. A nan masu wannan ra'ayi sukan tuna da Inates, inda aka kashe sojojin Nijar 71 a Disamba 2019, da Chinagodar, inda aka kashe 89 a Janairu 2020. Sukan ce ƙungiyar ta yi alkawarin dala biliyan ɗaya a taron Wagadugu na 2019 amma ba su gani a ƙasa ba, sai ga shi cikin mako biyu ta ba da umarnin haɗa runduna saboda mutum ɗaya. Na huɗu, takunkumin ya saɓa wa dokokin ƙungiyar da kanta, kuma babu tausayi a cikinsa, tun da ya shafi abinci da magani da wuta.

Hujjojin masu adawa da ficewa

Masu adawa, waɗanda yawancinsu suka yi magana daga ƙasashen waje ko daga ofisoshin ƙungiyar a Abuja, sun kawo nasu dalilai. Sun ce dalilin gaskiya ba ya cikin sanarwar. ECOWAS tana matsa wa sojoji su tsai da ranar zaɓe, kuma wanda ya fita daga ƙungiya babu mai sake tambayarsa. A watan Agusta na 2023 Tiani ya yi maganar shekara uku, amma a watan Maris na 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa. Kotun ECOWAS ta ba da umarnin sakin Bazoum a Disamba 2023, ba a bi ba, kuma har ranar da ficewar ta tabbata yana tsare. Sun ce talakan Nijar ya rasa kotun da a 2008 ta tsaya wa mace ɗaya a gaban gwamnatinta.

Game da tsaro, sun tuna cewa ƙasashen ƙungiyar sun tura sojoji Mali a 2013. Game da ƙasashen waje, sun ce korar Faransa a kawo Rasha gudun gara ne a faɗa gidan zago. Game da tattalin arziki, sun nuna cewa ƙasashen uku babu mai teku a cikinsu, kuma miliyoyin 'ya'yansu suna neman abinci a Abijan da Akara da Legas da Kano. In aka ce sai da biza da takardar zama, su ne za su fara jin jiki.

Hujja ta ƙarshe ita ce ba a tambayi jama'a ba. Birtaniya ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2016 kafin ta bar Tarayyar Turai, inda kashi 52 cikin 100 suka zaɓi fita, sannan aka yi fiye da shekara uku ana ja-in-ja a majalisa kafin ta fita a Janairu 2020. Ko a 1958, duk da katsalandan na gwamna, an kafa akwatin zaɓe a Nijar. A 2024 kuwa babu majalisa, babu ƙuri'a. Magoya bayan sojoji suka amsa da cewa taron jama'a a tituna shi ne ƙuri'ar. Masu adawa suka ce ba a auna ra'ayi da taron gangami a ƙasar da ake kama 'yan jarida.

Daga sanarwa zuwa rabuwa

Sashe na 91 na yarjejeniyar 1993 ya ce mai son fita sai ya ba da sanarwar shekara ɗaya. Ƙungiyar ta yi amfani da wannan shekara wajen lallashi. A watan Fabrairu na 2024 Janar Gowon, wanda shi kaɗai ya rage cikin shugabannin da suka kafa ta, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a janye takunkumi, ƙasashen uku kuma su dawo. Ran 24 ga wannan wata aka janye. A watan Maris aka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar, wuta ta dawo. Ga mutane da yawa a Yamai wannan ihu ne bayan hari. Nijar ta ƙi buɗe tata iyakar da Benin, tana zargin akwai sansanonin Faransa a can, zargin da Benin ta musanta. Kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da tsada.

Ran 6 ga Yuli 2024 shugabannin uku suka haɗu a Yamai suka mai da ƙawancensu tarayya. ECOWAS ta naɗa shugabannin Senegal da Togo su shiga tsakani, ba su yi nasara ba. A ƙarshen Disamba Tiani ya yi doguwar hira da harshen Hausa a talabijin, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa. Jami'an Nijeriya su ma da Hausa suka mai da martani a gidajen rediyo, suka ƙaryata. Wannan ya nuna su wa ake son a shawo kansu: masu sauraro ɗaya ne a ɓangarorin biyu na iyaka. Ran 29 ga Janairu 2025 ficewar ta tabbata, ƙungiyar ta koma ƙasashe 12.

Abin da ya biyo baya ya bayyana inda zuciyar rigimar take. Tun a Disamba 2024 ƙasashen AES suka sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba. A ranar rabuwa ita ma ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su kuma bar kayansu su wuce bisa tsohon tsari har sai an cim ma sabuwar yarjejeniya. Ficewar ba ta shafi ƙungiyar UEMOA ta masu amfani da kuɗin sefa ba. AES ta fitar da nata fasfo, kuma a watan Maris na 2025 ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, irin wanda ECOWAS take karɓa don gudanar da ayyukanta. A watan Afrilu ministan harkokin wajen Nijeriya ya ziyarci Yamai, a watan Mayu kuma ɓangarorin biyu suka zauna a Bamako don fara tattaunawa. Kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin ya tsare kasuwa. Alƙalin ne aka sallama.

Kammalawa

Kowane ɓangare a wannan muhawara yana da gaskiyar da ya riƙe da kuma wadda ya kau da kai daga gare ta. ECOWAS tana da dokar da Nijar ta sa wa hannu, kuma juyin mulki ya saɓa mata. Amma ta yi shiru a kan tazarcen wasu shugabanni, sannan da ta tashi hukunci sai ta ɗauki kasuwa ta mai da ita bulala, bulalar kuma ta sauka a bayan mai sayar da albasa da mai jinya a asibiti. Sojojin Nijar sun faɗi abin da ke ran mutane da yawa game da Faransa da rashin tsaro. Amma ficewar ta raba su da wanda zai tambaye su ranar zaɓe, ta kuma raba ɗan ƙasa da kotun da zai kai ƙarar gwamnatinsa.

A 1958 masu cewa Nijar ba za ta iya ita kaɗai ba su ne suka yi rinjaye. A 2024 masu maganar mutunci ne suka yi rinjaye. A duka lokutan biyu hanyar Maraɗi zuwa Katsina ba ta mutu ba, kamar yadda ba ta mutu a 1984 ko a 2019 ba. Tambayar da ta rage ga ƙasashen yankin ita ce ko za a iya riƙe kasuwa ɗaya na dogon lokaci ba tare da wata doka da ta hau kan kowa ba, babba da ƙarami.